Ɓurɓushin kabon da ya taimaki ɓeraye da birai, zai yi wa Baba maganin karkarwa?

"Assalamu alaikum Malam. Mahaifinmu ya kai shekara uku yana fama da cutar Parkinson. Hannunsa na dama yana karkarwa, tafiyarsa ta koma ja da ƙafa, kuma maganin da yake sha ba ya daɗewa a jikinsa kamar da. Ƙanena ya turo mini wani bidiyo da ke cewa masana sun warkar da ɓeraye masu irin wannan ciwo da wasu ƙananan ƙwayoyin kabon, har ana sayar da wani mai a intanet wai shi C60. Wata maƙwabciyarmu kuma ta ce ai kabon gawayi ne, a daka a dama masa. Don Allah mene ne gaskiyar lamarin?"

Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya ba Baba lafiya, ya sa kaffara ne, ku kuma ya saka muku da alheri a kan ɗawainiyar da kuke yi. Tambayarki guda uku ce a ƙulle wuri ɗaya: ko binciken gaskiya ne, ko abin da ya faru da ɓera zai faru da mutum, da kuma ko akwai abin da za ku saya ko ku daka yau. Ni aikina gwada magunguna ne a kan dabbobin ɗakin gwaji, musamman abin da ya shafi motsi da tafiya, ba ni duba marasa lafiya. Amsa a gajarce ita ce binciken gaskiya ne kuma yana da ban sha'awa, amma har yanzu babu ko ɗaya daga cikin waɗannan abubuwa da aka amince da shi a matsayin maganin Parkinson ga ɗan Adam. Man C60 da dakakken gawayi kuwa, kada ku ba shi. Bari in bi da ke a hankali don ki samu abin faɗa wa ƙanenki.

Tartsatsin da ke cikin ƙwaƙwalwa

Kowace ƙwayar halitta a jikinmu tana da 'yan murahu da ake kira mitokondiriya, inda ake ƙona abinci da iskar oksijin a samu ƙarfi. Duk murhun da ke ci yana tartsatsi. Tartsatsin wannan murhu wani nau'in oksijin ne mai neman rigima, sunansa sufa'oksayid, wanda ke cin kitse da furotin da ke kusa da shi kamar yadda tsatsa ke cin kwanon rufi. Jiki yana da masu kashe shi, babbansu wani sinadari ne da ake taƙaita sunansa da SOD, wanda McCord da Fridovich suka gano aikinsa a 1969. Ƙwaƙwalwa nauyinta bai wuce kashi 2 cikin 100 na jiki ba, amma tana cin kusan kashi 20 cikin 100 na oksijin ɗin da muke shaƙa, saboda haka tartsatsi a can ya fi yawa.

A cutar Parkinson, ƙwayoyin jijiyar da ke mutuwa suna wani ɗan baƙin wuri ne a gindin ƙwaƙwalwa, kuma su ne ke samar da dofamin, sinadarin da ke sa motsi ya tafi sumul. Waɗannan ƙwayoyi aiki ya yi musu yawa. Rassansu dogaye ne kuma masu yawa, wurin yana tara sinadarin ƙarfe, sannan shi kansa dofamin ɗin idan ana narkar da shi yana barin abin da ke ƙara tsatsa. Da aka bincika ƙwaƙwalwar waɗanda suka rasu da cutar, an tarar da alamun wannan cin tsatsa a daidai wurin, kuma murahun nasu ba sa aiki yadda ya kamata. Daga nan tunani ya zo: in an kashe tartsatsin, ai ƙwayoyin za su tsira.

An gwada, kuma ba a ji da daɗi ba. A wani babban gwaji a Amurka da Kanada da aka fitar da sakamakonsa a 1993, an bi marasa lafiya 800, aka tarar cewa bitamin E mai yawa bai rage gudun cutar ba. An sake da wani sinadari mai suna CoQ10 a kan mutum 600, sakamakon ya fito a 2014, babu amfani. An gwada wani kuma mai suna kiriyatin a kan fiye da mutum 1,700, shi ma haka. Dukkansu sun yi kyau a jikin ɓera kafin a kai su ga mutum. Ki riƙe wannan, don shi ne ma'aunin da nake auna duk wani sabon labari da shi.

To me kabon ya zo da shi sabo?

Bitamin kamar bokitin ruwa ne: ka watsa sau ɗaya, ya kashe abin da ya kashe, ya ƙare. Wasu ɓurɓushin kabon kuwa ba sa ƙarewa a wurin aikin. Suna karɓar sufa'oksayid su juya shi zuwa abin da bai kai shi ɓarna ba, su kuma su koma yadda suke su jira na gaba, wato irin aikin da SOD na jiki ke yi. Ƙanƙantarsu ta wuce misali. Ana auna su da nanomita, ɗaya cikin biliyan na mita, alhali kaurin silin gashi ɗaya dubun-dubatar nanomita ne.

Na farko a danginsu shi ne C60 ɗin da ƙanenki ya gani. Ƙwayoyin kabon 60 ne suka haɗu suka yi ƙwallo, da zanen da ya yi daidai da ɗinkin ƙwallon ƙafa, faci 12 masu kusurwa biyar da 20 masu kusurwa shida. Kroto da Curl da Smalley suka gano shi a Jami'ar Rice da ke Tekzas a 1985, suka ci kyautar Nobel a kansa a 1996. Matsalarsa ita ce ba ya narkewa a ruwa ko kaɗan, jini kuwa ruwa ne. Sai da aka liƙa masa wasu 'yan hannuwa masu son ruwa guda uku, aka samu abin da ake kira C3. Laura Dugan da abokan aikinta a Jami'ar Washington da ke St. Louis suka nuna a 1997 cewa yana kare ƙwayoyin jijiya, kuma a ɓerayen da aka sa wa gadon wata cuta mai shanye tsoka ya jinkirta lalacewar motsi da mutuwa.

A Rice ɗin dai, James Tour tare da likitan ƙwaƙwalwa Thomas Kent sun bi wata hanya. Sun ɗauki 'yan bututun kabon suka farfasa su da asid mai tsananin ƙarfi, suka lulluɓe ɓurɓushin da wani abu mai sa su zauna a cikin jini. A 2012 sun nuna yana daidaita gudun jini a ƙwaƙwalwar manyan ɓeraye bayan rauni a kai. A 2015 sun auna saurinsa, kowane ɗaya yana juya sufa'oksayid fiye da 20,000 a daƙiƙa guda, kuma ba ya taɓa wani sinadari da jijiyoyin jini ke buƙata don su buɗe. Wannan zaɓen da yake yi ya fi saurin burge ni, domin ba duk tartsatsi ne abokin gaba ba. Fararen ƙwayoyin jini da shi suke kashe ƙwayoyin cuta. Daga baya sun yi irinsa daga kwal, sannan daga gawayin ɓawon kwakwa. Kin ga maƙwabciyarku ta ji ƙamshin gaskiya daga nesa. Sai dai tsakanin gawayin murhu da wannan abu akwai asid mai hayaƙi, da tacewa, da awo, irin nisan da ke tsakanin yashi da gilashin tabarau.

Akwai kuma aikin masana daga Koriya ta Kudu da Jami'ar Johns Hopkins da ya fito a 2018. Su ɗigon kabon ɗinsu yana manne wa wani furotin ne da ke cuɗewa ya dunƙule a ƙwaƙwalwar masu Parkinson, ya warware shi. Wannan hanya daban ce da kashe tartsatsi, ko da yake masu bidiyo sukan haɗa su duka a kwano ɗaya.

Yadda ake sa wa ɓera cutar da ba tasa ba

A nan gizo ke saƙa. Ɓera ba ya kamuwa da Parkinson da kansa, mu ne muke ƙirƙirar abin da ya yi kama da ita. A 1982 a arewacin Kalifoniya aka kawo wasu matasa asibiti sun sandare, ba sa iya motsi ko magana, bayan sun yi allurar wata hodar maye da aka haɗa ba daidai ba. Likita William Langston ya bi diddigi ya gano gubar da ke ciki, MPTP, wadda ke shiga ƙwaƙwalwa ta kashe murahun ƙwayoyin dofamin. Tun daga lokacin ita ce babbar gubar da ake yi wa ɓeraye da birai allura. Akwai wata tsohuwar guba da Ungerstedt na Suwidin ya fara amfani da ita a 1968, wadda ake zubawa a gefe ɗaya na ƙwaƙwalwar babban ɓera, sai in an ba shi wani magani ya riƙa zagaye wuri ɗaya, mu kuma mu ƙirga. Akwai rotinon, wani maganin ƙwari, wanda danginsa ke cikin majimfa da masunta ke zubawa a ruwa kifi ya taso. Akwai kuma farakwat, maganin feshin ciyawa da manomanmu suka sani sarai, wanda aikinsa ma shi ne haifar da sufa'oksayid. Wani bincike a kan manoman Amurka da ya fito a 2011 ya tarar cewa masu amfani da farakwat ko rotinon sun ninka sauran kusan sau biyu da rabi wajen kamuwa da Parkinson. In akwai masu feshi a gidanku ba safar hannu ba takunkumi, wannan ya fi bidiyon cancantar a tura musu.

Yanzu ki duba abin da muka yi. Mun ɗauki ɓera matashi mai ƙoshin lafiya, mun ba shi gubar da muka san tartsatsi take haifarwa, ƙwayoyinsa suka mutu cikin kwanaki, sannan muka ba shi maganin tartsatsi muka ce ya yi aiki. Kusan mun rubuta jarrabawa ne mun kuma ba da amsa. Cutar Baba kuwa ta yi shekaru tana tafiya a ɓoye kafin hannu ya fara karkarwa, kuma kafin a gane ta kaso mai yawa na ƙwayoyin sun riga sun tafi. Tartsatsi ɗaya ne daga cikin dalilanta, tare da dunƙulewar furotin da kumburin cikin ƙwaƙwalwa da tsufa da gado a wasu mutane.

Abin da ya fi wannan damuna shi ne lokacin ba da magani. A gwaje-gwaje da yawa ana fara ba dabba maganin ne kafin gubar, ko a rana ɗaya da ita. Wannan rigakafi ne, kuma ba wanda ke zuwa asibiti kafin cuta ta kama shi. Da kabon ma akwai ƙarin tarko, domin halinsa ne ya kama abubuwa a jikinsa. Idan ya kama gubar tun kafin ta isa ƙwaƙwalwa, ɓera zai fita lafiya lau, mai bincike ya yi murna, alhali bai kare ko ƙwayar jijiya ɗaya ba, gubar ce ba ta kai ba.

Shi ya sa gwajin da nake girmamawa a wannan fanni shi ne wanda Dugan ɗin ta fitar a 2014. Birai 15 ne, aka yi musu MPTP, aka jira mako guda cur har gubar ta gama shiga, sannan aka fara ba 8 daga ciki C3, sauran 7 kuma abin da ba magani ba, har wata biyu. Masu auna motsin biran ba su san wane ne ya samu mene ba. Waɗanda suka samu C3 motsinsu ya fi kyau, hoton ƙwaƙwalwarsu ma ya nuna tsarin dofamin ya fi tsira. Aiki ne mai tsabta. Amma birai 15 ne, wata biyu ne, kuma guba ce ta jawo ciwon. Mako ɗaya bayan guba wani abu ne, shekara uku bayan an gano cuta wani abu ne daban. Ƙwayar da ta riga ta mutu, kashe tartsatsi a kanta ihu ne bayan hari.

Me ake nufi da "ɓera ya ji sauƙi"?

Bari in kai ki ɗakin gwajin. Muna da sanda mai tsawon kusan rabin mita a tsaye, an naɗe ta da bandeji don ƙafa ta kama. Sai a ɗora ɓera a sama kansa yana kallon sama, a danna agogo, a ga daƙiƙa nawa zai yi kafin ya juya ya sauko. Lafiyayye yakan juya nan take ya gangaro. Wanda aka yi wa guba yakan tsaya yana laluben sandar, wani lokaci ya zamo da baya. Muna da wani gungume kuma mai juyawa, yana farawa a hankali yana ƙara gudu cikin minti biyar, a ga yaushe ɓera zai faɗo. Wasu ɓerayen wayo gare su, sai su rungume gungumen ya yi ta juyawa da su ba tare da sun taka ko sau ɗaya ba. Mai ƙiba yana saurin faɗowa ko da ƙwaƙwalwarsa lafiya. Ƙarar ƙofa, zafin ɗaki, ko sauyin wanda ke riƙe su, duk suna canja lamba. Sannan ɓerayen MPTP da yawa tafiyarsu takan gyaru da kanta bayan 'yan makonni ba tare da an ba su komai ba. To "warkewa" a bakin mai bidiyo sau da yawa bambancin 'yan daƙiƙoƙi ne a kan wannan sanda.

Mu ma mun taɓa shiga rami. Abokan aikinmu na ɓangaren kimiyyar sinadarai sun haɗa mana wani ɗigon kabon, muka yi ɗan ƙaramin gwaji. Sakamakon farko ya yi kyau har na fara zargi. Ashe ruwan maganin baƙi ne kamar tawadar allo, na kwatance kuwa ruwan gishiri ne fari tas, kuma ɗalibin da ke yin allurar shi ne ke riƙe agogo. Ba ha'inci ya yi ba, yaron kirki ne. Amma in kana fatan ɓera ya yi sauri, yatsanka yakan riga idonka danna agogo. Muka naɗe sirinji da salatif, muka raba mai allura da mai auna, muka sake lambobin keji. Bambancin ya ragu har ya zama ba abin da za a kafa hujja da shi. A wannan gwajin ne kuma na ga yadda ruwan da ke garau a kwalba yake cuɗewa da zarar ya haɗu da ruwan gishiri, washegari ka tarar da baƙin laka a gindin bututu. Abin da ya cuɗe haka ya daina zama ɗan mitsitsi, hanta da saifa ne za su tsince shi. Ƙwaƙwalwa kuwa tana da shinge tsakaninta da jini wanda ke hana yawancin abubuwa wucewa. Rauni a kai yana fasa wannan shinge, shi ya sa sakamakon rauni ba ya zama hujja kai tsaye ga cutar da ke tafiya a hankali.

Man C60 da gawayi

Kasuwar man C60 ta samo asali ne daga wani bincike da aka yi a Faransa a 2012, inda aka ce manyan ɓerayen da aka ba C60 cikin man zaitun sun kusan ninka tsawon rai. Ɓeraye shida ne a kowane rukuni, kuma ba a kan Parkinson aka yi shi ba. A 2021 wasu masana suka gwada a kan ƙananan ɓeraye, ba su ga ƙarin rai ba, suka kuma gano cewa in haske ya taɓa man yana rikiɗewa ya zama mai guba. Wannan bai ba masu sinadarai mamaki ba, don an daɗe da sanin cewa C60 a gaban haske yana haifar da irin oksijin ɗin da ake son ya kashe. Kwalbar da ta yi makonni a hanya, ba wanda ya tabbatar da abin da ke cikinta, ba abin da za a ɗura wa dattijo ba ce. Kuma ba C3 ɗin biran ba ne, sunan kakansu ne kawai ɗaya.

Gawayi kuwa daga baki zuwa bayan gida yake bi, ba ya shiga jini balle ƙwaƙwalwa. Wanda ake amfani da shi a asibiti ana ba wanda ya sha guba ne, don ya kama ta a ciki kafin ta shiga jiki. Haka zai kama magunguna da yawa, Baba kuwa motsinsa ya dogara ga maganin da yake sha ya isa jini. Ga shi yana ƙara taurin bayan gida, wanda dama masu Parkinson ke fama da shi.

Batun tsaron lafiya na dogon lokaci shi ne babban shingen da ya rage wa dukkan dangin nan. Mai raunin kai allura ɗaya ko biyu zai buƙata, mai Parkinson kuwa shekaru zai yi yana karɓa, kuma dole a nuna inda kabon ɗin ke taruwa da yadda yake fita. Siffa ma tana da tasiri: wasu dogayen bututun kabon sun yi wa ɓeraye irin ɓarnar da asbestos, wani kayan gini mai zare-zare da ke lalata huhu, ke yi, har hukumar binciken ciwon daji ta duniya ta sa wani nau'insu cikin abubuwan da ake zargi da jawo ciwon daji a 2014. A ganina in wannan fasaha za ta fara isa ga mutane, ta ƙofar rauni ko shanyewar ɓarin jiki za ta shigo, ba ta ƙofar Parkinson ba.

Abin da kika ambata a tsakiyar wasiƙarki, cewa magani ba ya daɗewa kamar da, shi ne ya fi gaggawa, kuma sananne ne bayan shekaru ana shan lebodofa, babban maganin da ake ba masu Parkinson. Likitan ƙwaƙwalwa yana da hanyoyin gyara shi, ko ya rarraba shan zuwa ƙananan lokuta, ko ya ƙara wani maganin da ke tsawaita aikinsa. Kada a tsayar da shi farat ɗaya ko da an ga kamar ba ya aiki, hakan yana da haɗari. Kafin ranar ganin likita ki samu littafi, ki yi kwana bakwai kina rubuta ƙarfe nawa Baba ya sha magani, ƙarfe nawa jikinsa ya saki, ƙarfe nawa ya sake ɗaurewa, da abin da ya ci kusa da lokacin. Nama da wake da madara suna gasa da maganin wajen shiga jiki, haka ma ƙwayar ƙarin jini mai sinadarin ƙarfe. Ki haɗa duk magungunan da yake sha a leda ɗaya ku tafi da su, har da na amai da na gargajiya, domin wasu magungunan amai da na tabin hankali suna ƙara karkarwa da sandarewa. Tafiyar da yake yi zuwa masallaci kuma kada a hana shi don tausayi, a samu mai raka shi.